Da me ake auna wanda za a ɗauka mataimakin shugaban ƙasa?

Tambaya: Malam, a teburin mai shayin unguwarmu a Tudun Wada kullum musu ake yi. Wasu na cewa da zarar an ɗauki ɗan Kaduna mataimaki, ƙuri'un Arewa sun shiga aljihu. Gaskiya ne? Kuma me ake dubawa a mutumin?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ce musu su waiwayi gida. Namadi Sambo yana gwamnan Kaduna Jonathan ya ɗauke shi a 2010, amma a zaɓen 2011 Buhari ne ya ci jihar nan, haka ma a 2015. Datti Baba-Ahmed ɗan Zariya ne, duk da haka shi da Peter Obi na uku suka zo a Kaduna a 2023. Talaka fuskar mai gayya yake kallo, ba ta ɗan rakiya ba. Amfanin mataimaki a akwati yakan tsaya ne wajen taimakawa a samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, kamar yadda tsarin mulki ya gindaya. Addini da yanki suna da nauyi, mu nan Kaduna ba sai an faɗa mana ba, amma Tinubu da Shettima sun ci duk da ƙorafin cewa su biyun duka Musulmi ne.

Ni abin da nake fara tambaya shi ne: in ta Allah ta kasance, zai iya riƙe ƙasa? Ranar 5 ga Mayu 2010 'Yar'aduwa ya rasu, washegari aka rantsar da mataimakinsa. Ko ba mutuwa, mataimaki ke shugabantar Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa, gwamnoni 36 na zaune a gabansa. Wanda bai taɓa riƙe ko kasafin ƙaramar hukuma ba, nan za a ga wallensa.

Sai buri. Mai jama'a da kuɗi yana kawo ƙarfi, amma idonsa na kan kujerar. Obasanjo da Atiku sun ƙare ba sa ga maciji, har Atiku ya tsaya takara a jam'iyyar adawa ta AC a 2007 yana kan muƙaminsa.

Takardu kuwa, mutane na raina su. A Bayelsa, Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamna, har ya je filin taron yana gwajin bikin, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa ba su yi daidai da juna ba.