Tambaya da Amsa: Me ya sa kwamfuta ta ce min "nan"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, unguwar Zango nake, ina karatun fannin lantarki kuma kwanan nan na fara koyon yaren shirya kwamfuta na Python da NumPy, wato kayan lissafinsa. Na sa lambobi uku a tablo, wato jerin lambobi, -8 da 8 da 27, na ce ta ɗaga su zuwa puwisans 1/3, sai ta ba ni 2 da 3 daidai amma a wurin -8 ta rubuta kalmar "nan", alhali tun a lise mun san amsar -2 ce. Abokina ya ce in mai da su kwampleks, wato lambobi masu ɓangaren j, rasin na -1, na yi, sai kuma ta fito min da 1+1.732j. Wallahi Malam kaina ya ɗaure, kwana biyu ke nan.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Kwantar da hankalinka, ba na'urarka ce ta lalace ba, kuma ba kai kaɗai wannan abu ya taɓa kamawa ba.

Ita NumPy a wannan lissafin ba ta mai da lambobi na zahiri su zama kwampleks da kanta. Idan tablonka na lambobi na zahiri ne, to amsa ma a cikin lambobi na zahiri za ta neme ta, kuma 1/3 ɗin da ka rubuta ita 0.3333 da sauransu take gani, ba ta san rasin na uku kake nufi ba, shi ya sa da ta ga lamba ƙasa da sifili sai ta ce "nan", wato "wannan ba lamba ba ce", ta ƙara maka da gargaɗi. Python zalla kuwa in ka rubuta (-8)**(1/3) kai tsaye zai ba ka kwampleks, wannan bambancin ne ke rikita mutane da yawa.

To yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. 1+1.732j ɗin nan amsa ce ta gaskiya. Ɗauki takarda ka zana da'ira kamar yadda kuke yi wa kuran mai juyawa. Lamba -8 tsawonta 8 ne, tana kwance a hagu, kusurwarta digiri 180. Ɗaga ta zuwa 1/3 na nufin ka ɗauki rasin na uku na tsawon, ya zama 2, sannan ka raba kusurwar gida uku, ta zama digiri 60. Kibiya mai tsawo 2 a digiri 60 ita ce 1 a kwance, 1.732 a tsaye. Ninka ta da kanta sau uku ka gani, -8 za ta dawo maka. Gaskiyar magana -8 rasin uku gare ta, ɗaya a digiri 60, ɗaya a 180 wadda ita ce -2 ɗinka ta lise, ɗaya a 300, kuma NumPy kullum wadda ake kira babbar ƙima take zaɓa, wato ta digiri 60 a misalin nan, tana auna kusurwa tsakanin -180 da 180 sannan ta raba.

Saboda haka ka fara sanin me kake nema. In -2 kake so, np.cbrt ce taka (np gajeren sunan NumPy ne), za ta ba ka -2 da 2 da 3 ba gardama. In kuwa lissafin kwampleks kake yi, sa dtype=complex tun wajen haɗa tablon, ko ka kira np.emath.power wadda da kanta take juyawa zuwa kwampleks in ta ga lamba ƙasa da sifili. Ni dai na fi son dtype=complex don kana ganin abin da ka zuba da idonka.

Akwai wani rami kuma da ya shafe ku ƴan lantarki sosai. Gwada -8+0.0001j da -8-0.0001j, lambobi ne maƙwabta kamar katanga ɗaya ta raba su, amma ta farko za ta ba ka kusan 1+1.732j ta biyu kuma 1-1.732j, saboda ɗaya kusurwarta kusan 180 ce ɗayar kusan -180. In kana da tablo mai lambobi dubu da ke tsallake wannan layi na hagu za ka ga zanenka ya yi tsalle kwatsam, ka ɗauka awonka ne ya ɓaci. Duba kusurwoyin da np.angle, in ana bukata ka miƙe su da np.unwrap kafin ka raba.

Kada kuma ka gwada amsoshi da == domin ɗan ragowa ba ya ƙarewa, np.exp(1j*np.pi) ma ba -1 cif take bayarwa ba, tana zuwa da ƴar ƙura wajen 1.2e-16j, np.allclose ake amfani da ita. 

Ka gwada misalin -8 ɗin nan a takarda tukuna da abokin naka, sannan ka turo min abin da np.angle ta ba ku.