Ka gyara zanenka kafin ka sake manhaja

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Marwa. Kwamfutata tsohuwa ce, AutoCAD, manhajar zanen gine-gine, yana daskarar da ita. Akwai ta kyauta da za ta yi mini zanen tsarin gida?

Amsa: Akwai LibreCAD, akwai kuma QCAD, wadda daga jikinta aka fitar da LibreCAD. Dukansu marasa nauyi ne, zanen shimfiɗe kawai suke yi, kuma sun fi sabawa da fayil ɗin DXF. In an turo maka DWG, wato fayil ɗin AutoCAD, juya shi zuwa DXF da ODA File Converter. Kada ka ɓata lokacinka wajen neman DraftSight, tun 2019 ta daina zama kyauta. Tunda kai ɗalibi ne, Autodesk na ba da lasisin karatu na shekara guda, amma fa lasisi ba ya ƙara wa kwamfuta ƙarfi.

Tambaya: Mai zanen gini ne ni a Garwa. Injiniyan da nake tura wa aiki kullum ƙorafi yake, wai zanena ba ya gyaruwa, in an buga kuma layukan duk kaurinsu ɗaya. Na haɗo maka fayil ɗin. In koma ZWCAD ko BricsCAD ne?

Amsa: Ɗan'uwa, na buɗe fayil ɗinka, raina ya ɓaci. Bango, ƙofa, tagogi, awo, rubutu, har bishiyar darbejiyar tsakar gida, duk ka jibge su a falle ɗaya (layer a Turanci, wato rukunin layukan da ake iya kunnawa ko kashewa tare), falle na 0. Wannan fa daidai yake da mai shago da ya zuba shinkafa da gero da siminti a buhu guda, sannan yana zargin sikeli. ZWCAD ta Sin da BricsCAD ta Beljiyam manhajoji ne masu kyau, suna buɗe DWG kai tsaye, umarninsu kusan irin na AutoCAD ne, kuma ana iya sayen lasisinsu sau ɗaya, ba haya duk shekara ba. Sai dai ko wacce ka buɗe wannan zanen da ita, yadda ka bar shi haka za ka same shi.

Falle, wanda masu Faransanci ke ce wa kalk, don shi ake zane da kwamfuta. Bango da fallensa, kaurin layi milimita 0.50, ƙofofi da tagogi 0.25, awo da rubutu 0.18. Launi da kauri su bi falle, kada ka riƙa canza wa kowane layi da hannu. Ta haka injiniya zai kashe fallen kujeru ya ga ginshiƙansa. Falle na 0 kuwa a bar shi don ƙera bulok, wato ƙaramin zanen da ake adanawa a riƙa maimaita shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awonka. Ka zana ɗaki, tsawonsa bai cika ba, sai ka goge lambar ka rubuta mita 4 da hannu. Magini ba zai sani ba sai an zuba harsashi, rodin da aka yanka ya ƙi kaiwa. Wa zai biya? Ka zana komai da girmansa na gaskiya, ma'aunin 1/100 ko 1/50 sai a shafin bugawa ake sa shi.

Ni abin da nake yi, kuma nake tilasta wa yaran ofishina: a zauna yini guda a shirya falle, salon awo, salon rubutu da akwatin suna na takardar A3, a adana a matsayin DWT, wato fayil ɗin samfuri. Kowane sabon aiki daga nan yake farawa. Yi wannan, ka sake turo mini.

Tambaya: A Maiduguri na koyi AutoCAD da Turanci, ofishinmu na Injamena kuma na Faransanci ne. Hannuna ya rikice.

Amsa: Sa ƙaramin layin ƙasa a gaban umarnin: _OFFSET, _TRIM, _LINE, zai karɓa. In gajerun haruffanka kake kewa, buɗe acad.pgp, fayil ɗin da ke riƙe da su, ka mayar da O kan DECALER, TR kan AJUSTER, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Amma faɗa wa abokin zamanka, kada ya zaci aljanu ne suka shiga allon rubutun.

Tambaya: Wuta ta ɗauke mini a Kusuri, aikin awa uku ya tafi.

Amsa: Awa uku ba ka danna Ctrl da S ba, Alhaji? Nemi fayil mai ƙarshen .sv$, wanda AutoCAD ke adanawa da kansa, a ma'ajiyar wucin gadi, ka mayar da ƙarshen .dwg. Sannan rage SAVETIME, wato tazarar adanawar da yake yi da kansa, daga minti 10 zuwa 5.