Dillali ya ce in sayi fili a yankin 'yan asalin Kanada, wai rabin kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum barista. Ina zaune a birnin Surrey na lardin Biritish Kolombiya a Kanada da iyalina, mun daɗe muna tara kuɗin gida. A gurup ɗinmu na WhatsApp ana ta yaɗa cewa gwamnatin Biritish Kolombiya tana zama da 'yan asalin ƙasar za ta miƙa musu filaye har da gidajen mutane, wai kotu ma ta yanke hukuncin haka a birnin Richmond. Sai wani dillali ya ce min mafita in sayi fili a cikin yankinsu kai tsaye, rabin kuɗi, shugabansu zai sa hannu, tunda su ne masu ƙasar ba mai tada ni. Wallahi barci ya gagare ni, kuɗin nan gumina ne.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka ba shi ko sisi, mu fara daga nan.

Maganar gurup ɗinku ba za ta ci mana lokaci ba. Zaman nan ya fi shekara 30 ana yinsa, tun 1992 aka kafa hukumar yarjejeniyoyi ta lardin, dalili kuwa yawancin ƙasar lardin ba a taɓa ƙulla yarjejeniya a kanta ba, in ka cire guda 14 da gwamna Douglas ya yi a tsibirin Bankuba tsakanin 1850 da 1854 sai yarjejeniya ta 8 a arewa maso gabas. Ta al'ummar Nisga'a ta fara aiki a 2000, sun samu kusan murabba'in kilomita 2,000 da dala miliyan 190, ta al'ummar Tsawwassen kuma a 2009. Filin gwamnati ake ɗorawa a teburi, na mutum ba ya shiga sai in shi ya ga dama ya sayar. Ko yarjejeniyar al'ummar Haida ta 2024 ta faɗa ƙarara cewa ba ta taɓa mallakar mutane ba. Hukuncin da ya tabbatar wa al'ummar Cowichan haƙƙin mallakar asali a Agustan 2025 gaskiya ya tada hankali kuma ba zan raina shi ba, amma wani yanki ne na Richmond, takardun mallakar fili na gwamnatin tarayya da na birnin kotu ta ce suna da naƙasu, ba ta soke na masu gidaje ba, kuma lardin ya ɗaukaka ƙara. Surrey ba ta ciki.

Abin da ya dame ni shi ne dillalin nan, don kullum sai na ji irin maganarsa, kuma mutanenmu ne suka fi saurin yarda saboda mun saba a gida mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a yi addu'a, fili ya zama naka. A nan ba haka ba ne ko kaɗan. Filin da aka keɓe wa wata al'ummar asali, a doka yana hannun gwamnatin tarayya ne tana riƙe musu, ba a sayar wa bare. Sashe na 28 na dokar Indiyawa, wato dokar tarayya kan 'yan asalin Kanada, ya ce duk takardar da al'ummar ko wani ɗanta ya ba wanda ba ɗan cikinsu ba don ya zauna a filin, ba tare da an bi hanyar da doka ta tanada ba, banza ce. Ba ta da rajista, banki ba zai ba ka rance a kanta ba, in ka kai ta kotu ba ta da ƙafar tsayawa. Ka zuba siminti ka ɗora rufi ka ja ruwa da wuta, ranar da wanda ya ba ka ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba, ko aka yi zaɓe sabuwar majalisa ta hau, ginin yana kan ƙasar da ba taka ba kuma ba wanda za ka sayar wa.

Sannan wai shugabansu zai sa hannu, wane shugaban? Akwai zaɓaɓɓun majalisu akwai sarakunan gado, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A ƙasar al'ummar Wet'suwet'en zaɓaɓɓun majalisu sun amince da bututun gas, sarakunan gado suka ƙi, a farkon 2020 har layukan dogo aka toshe a sassan Kanada. Kamfani mai biliyoyi da tarin lauyoyi ya sha wannan, balle kai da takarda ɗaya a aljihu. Abin da ya fi ɓata min rai ma, dillalan nan suna nuna mutanen kamar wasu 'yan ƙauye da za a sallama da goro, alhali gwamnatoci ne masu dokokin filaye da ofisoshin haraji, an ƙwace musu ƙasa sun yi shekaru aru-aru suna bin haƙƙinsu. Shiga ta bayan gida cin amanarsu ne kafin ma ya zama asararka.

Hanyar halak tana nan, haya ce mai dogon zango, galibi shekara 99, mai rajista. Dubban mutanen da ba 'yan cikinsu ba suna zaune a filin al'ummar Westbank kusa da birnin Kelowna a haka, katafariyar kasuwar Tsawwassen Mills da aka buɗe a 2016 a filin al'ummar Tsawwassen take, 'yan al'ummar Squamish kuma suna gina gidajen haya kusan 6,000 a gindin gadar Burrard a birnin Bankuba. Amma ka karanta sharuɗɗa da kyau. Masu haya a filin al'ummar Musqueam sun shiga a shekarun 1960 suna biyan ɗaruruwan dala a shekara, da lokacin sabunta farashi ya zo bayan shekara 30 sai ya koma dubbai, rigimar sai da ta kai kotun ƙoli a 2000.

Don haka ka ce dillalin ya turo maka lambar rajistar hayar da ofishin da aka yi ta, shekara nawa suka rage, an biya kuɗin hayar gaba ɗaya ne ko za a riƙa sabuntawa, kuma wa za ka riƙa biyan haraji. Ka kai wa lauyan da kai ka ɗauka, ba wanda shi ya nuna maka ba. In ya fara cewa ai amana ce ba sai an yi rajista ba, ka toshe lambarsa, ka kuma sanar da 'yan gurup ɗinku don na tabbata ba kai kaɗai ya tuntuɓa ba.