Hukuncin Sayar da Ƙananan Kaya na Mata, da Wadda Take Sa Su Don Talla

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni matar aure ce a Kano, ina da ɗan shagon kayan mata a unguwarmu, shekara uku ke nan. Wasu kayan a Kantin Kwari nake sarowa, wasu ana kawo mini daga Dubai da Turkiyya: abaya, dogayen riguna, bubu, riga da wando, jins da ƙananan kaya na zaman gida. Akasarin masu saye matan aure ne da masu haɗa lefe, amma 'yan mata ma suna zuwa. Kwanan nan wata 'yar uwar maigidana ta ce ta ji a wa'azi cewa duk mai sayar da matsattsun kaya kuɗinsa haram ne, kuma yana da kamasho a zunubin duk wadda ta sa ta fita. Hankalina ya tashi, don da shagon nan nake riƙe mahaifiyata da karatun ƙannena. Domin kayan su fito da kyau, nakan sa su da kaina in ɗauki hoto a madubi, in kare fuskata da waya, in ɗora a Instagram da WhatsApp. In daina sayarwa ne? Kuɗin da na ci a baya fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Sana'arki halas ce, abin da kika ciyar da mahaifiyarki da shi halas ne, Allah Ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi. Sai dai akwai wata magana da kika faɗa a ƙarshen tambayarki kamar ba komai ba, ita ce ta fi tsaya mini a rai, zan zo kanta.

Cewa mace ba ta fita da kayan da ke bayyana surarta ko shara-shara, wannan babu saɓani a kai, ke ma kin sani. Inda aka zame shi ne ɗaukar hukuncin fita a ɗora wa ciniki. Na sha jin wannan fatawa a bakin mutanen kirki masu kishin addini, kuma ba na zargin niyyarsu, amma maganar ba ta da ƙarfi.

Ki duba lafazin Ibn Abi Zaid Alƙairawani a Risala, littafin da ɗalibai ke bi a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Ya ce mata kada su sa tufafi marar kauri wanda zai siffanta su "idan za su fita". Ya ɗaure hanin da fita. Rigar da ta haramta a bakin titi ita ce dai mace za ta sa wa mijinta a ɗakinta ta samu lada. Abu mai fuska biyu irin wannan, hukuncinsa yana bin wanda ya yi amfani da shi.

Hujja mafi bayyana tana cikin Bukhari da Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Sayyidina Umar da tufafin alharini, bayan ya riga ya faɗi cewa wanda ba shi da rabo a lahira ne ke sa irinsa. Umar ya zo yana tambaya, sai ya ce masa bai ba shi don ya sa ba. A wata ruwaya ya ce ya sayar ko ya tufatar da wani. Umar ya aika wa wani ɗan uwansa mushriki a Makka. Haka Annabi ya ba Sayyidina Ali irinsa, ya umarce shi ya yanka shi mayafai ya raba wa matan gidansa. Ga tufafi haramun a jikin namiji, amma mallakarsa da sayar da shi da kyautarsa duk sun halatta, saboda akwai wanda ya halatta ya sa.

Masu haramtawa sukan ce toshe ƙofar ɓarna suke yi. To, babu mazhabar da ta kai ta Imamu Malik riƙo da wannan ƙa'ida, kuma malamanta ne suka yi mata iyaka. Alƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya kasa ta uku: akwai ƙofar da aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar mutane; akwai wadda aka haɗu a kan ba a toshe ta, ya ba da misali da noman inabi, ba a hana shi don tsoron wani zai yi giya; sai ta tsakiya da aka yi saɓani. Shagonki, yadda kika siffanta masu sayenki, ya fi kusa da gonar inabi. In da za a bi waccan fatawa har ƙarshenta, sai a rufe masu turare da masu kwalli da masu gwal da masu ƙunshi, har da masu sayar da waya, domin duk ana saɓon Allah da kayansu. Sannan amaryar da ke son yi wa mijinta ado a ina za ta saya? Mun hana Musulma mai tsoron Allah sana'ar, mun tura matanmu su je su zaɓi kayan barci a hannun ƙato a kasuwa. Wannan ɓarna ce da muka buɗe da hannunmu.

Gaskiyar da ke cikin maganarsu ita ce wannan: idan kin sani, ko zatonki ya rinjaya, cewa wannan mai sayen da ke gabanki fita za ta yi da kayan haka nan, kada ki sayar mata, kamar yadda ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Yarinya ta ce miki da bakinta a wurin fati za ta sa, ko kin saba ganinta a layi da irinsu ba mayafi: ki ba ta haƙuri da kyakkyawan lafazi, ki nuna mata wani abin. Wadda ba ki san halinta ba kuwa, ba a ɗora miki yi mata tambayar ƙwaƙwaf ba, Musulma ana kyautata mata zato. Ki kuma lura, da kin ce mini akasarin masu sayenki masu fita da kayan ne, da amsar ta sauya. In kin ga kasuwar tana juyawa can, ki juya sarinki.

Yanzu maganar hoto. Ɗiyata, wannan bai halatta ba, ki daina daga yau. Kin tsorata da zunubin wata da ba ki sani ba ko za ta fita ko ba za ta fita ba, alhali rigar da kike tsoron a fita da ita, ke kin fita da ita gaban mutanen da ba su ƙirguwa. Wadda ta bi ta layi, 'yan layin ne suka gan ta, ta wuce. Hoto yana nan daram, ana buɗe shi da tsakar dare, ana jawo shi kusa, ana adana shi a wayar da ba ki san mai ita ba. Kare fuska da waya bai gyara komai ba: fuska ita ce malamai suka yi saɓani a kanta, mashahurin zance a mazhabarmu ma ita da tafin hannu ba al'aura ba ne. Kin rufe abin da aka yi saɓani a kai, kin bar ƙirji da ƙugu da cinya waɗanda babu mai saɓani a kansu. Kuma kada ki ɗauka ba a gane ki. Mutanen unguwa sun san shagon, sun san madubin, sun san zoben da ke hannunki.

Kada ki ce za ki taƙaita ga zauren mata zalla. Wayar mace tana hannun mijinta da ƙaninta da ɗanta. Annabi ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana kallonta, hadisin yana Bukhari. In siffantawa da baki ta hanu, ina ga hoto? Ɗauko wata yarinya ki biya ta ta sa, shi ma bai fitar da ke ba, kin ƙara da jefa 'yar mutane ne.

Ki goge abin da kika ɗora, ki roƙi waɗanda kika san sun adana su goge, ki yi istigfari. Kuɗin cinikin da hotunan suka jawo ba sai kin fitar da su ba, domin cinikin kansa ingantacce ne, laifin yana wajen tallar.

Ki rataye kaya a hanga ko ki shimfiɗa su a wuri mai haske, ki rubuta awo da irin yadin. In mutum-mutumi za ki sa, ya zama marar kai, saboda hadisin da Jibrilu ya ce a sare kan mutum-mutumin ya koma kamar itace, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. A 2021 ma Hukumar Hisba ta Kano ta ja kunnen masu shaguna da teloli a kan wannan. Mutum-mutumi masu fitar da sura ki bar su can ciki inda mata kaɗai ke shiga, kada su tsaya a bakin ƙofa.

Tunda kin ambaci Dubai da Turkiyya, ki kiyaye harshenki a nan: abin da aka ɗinka a Kano ko aka kawo daga Sin kada ki kira shi ɗan Dubai don kuɗinsa ya hau, kuma kada ki gyara hoto har launin yadi ya sauya, mai saye ta ga wani abu a waya a kai mata wani. Algus ne, ya fi saurin cinye albarkar shago fiye da abin da aka tsorata ki da shi. Wurin gwada kaya ya zama a killace, ba kyamara, ba yaron shago namiji a kusa. Shekara uku kuma ta isa a tambaye ki zakka: ki sa wata ɗaya a shekara, ki ƙiyasta kayan da ke shago da farashin ranar, ki haɗa da kuɗin hannu da bashin da kike sa ran za a biya, in ya kai nisabi ki fitar da biyu da rabi cikin ɗari, har da na shekarun da suka wuce in sun kai.

'Yar uwar maigidanki kuma kada ki riƙe ta a zuciya. Tsoro ta ji miki, kuma ta dalilinta ne kika yi tambayar da ta tono maganar hoton. Ki gaishe ta, ki karanta mata amsar nan in ta yarda.

Wallahu a'alam.