Mashi a kabari ba shaidar mayaƙi ba ne

Ka tambaye ni, ɗana, ko idan kana haƙar kayan tarihi ka tarar da mashi da cibiyar garkuwa a kabarin ƙarni na 6 a Ingila, za ka rubuta "mayaƙin Sakson" (Sakson mutane ne da suka shigo Ingila daga ƙetaren teku) a takardar aiki. Kada ka kuskura. Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta: kan mashi na ƙarfe, ta dama, dab da ƙoƙon kai. Ai ba mamaci ya zaɓi kayan ba, dangi ne suka shirya shi, kuma abin da suke so jama'ar gari su gani suka sa masa. Har yaran da ba su isa riƙe makami ba an samu an binne su da mashi.

Haka batun asali yake. A Oakington, kusa da Kambirij, binciken DNA na 2016 ya nuna matar da ta fi kayan ado cikin waɗanda aka gwada 'yar asalin ƙasar ce, ba baƙuwa daga ƙetaren teku ba. Namiji ne ko mace, ƙashin ƙugu ke faɗa, ƙoƙon kai ya mara masa baya. Ƙashin yaro kam ba ya faɗin komai a kan wannan.

Kafin ka ɗaga ko da tsinke, ɗauki hoto, ka zana kabarin a ma'aunin 1:10. Maƙalan tufafi biyu a kafaɗu su ke nuna yadda aka ɗaura wa mace sutura, in ka gusar da su wannan shaida ta tafi ke nan. Duwatsun wuya kowanne da lambarsa da wurinsa.

Inda sababbin hannu suka fi ɓarna shi ne tsatsa. Suna ganin ta sai su kai mata burushi, alhali a cikinta sawun saƙa yake, wani lokaci har da itacen ƙotar mashi ko fatar kube. Yanko ƙarfen tare da ƙasarsa dunƙule guda, ka tallafe shi, ka miƙa wa masu adanawa. Haƙora da ƙashin cikin kunne kada ka taɓa su sai da safar hannu, don daga nan ake ɗibar DNA.

In ƙasar yashi ce mai tsami irin ta Sutton Hoo, wata tsohuwar makabarta a Ingila, ƙashi ya riga ya narke, sai inuwar jiki mai duhu-duhu. Kankare a hankali, kana ɗan fesa ruwa, domin da ta bushe launin zai ɓace maka.