Tambaya da Amsa: Shin alƙali ba yaron wanda ya naɗa shi ba ne?

Tambaya: Barista, ni ɗalibin shari'a ne a aji uku. Malaminmu ya kawo mana sunan Cearbhall Ó Dálaigh na ƙasar Ailan a matsayin misalin alƙali mai cin gashin kansa, sai na duba na ga ɗan jam'iyya ne, gwamnatinsu ce ta naɗa shi. Abin ya dame ni domin mahaifina yana shari'ar fili da gwamnati, kuma wani ya ce ya kawo kuɗi a ga alƙali, tunda tsohon lauyan gwamnati ne. Ya muke ciki?

Amsa: Ɗana, ka fara faɗa wa Baba ya riƙe kuɗinsa.

Abin da ka gano gaskiya ne. An haifi Ó Dálaigh a garin Bray a 1911, ya zama barista a 1934, ya yi aiki a jaridar Éamon de Valera, jagoran jam'iyyar Fianna Fáil, ya tsaya takara a jam'iyyar ya sha ƙasa. De Valera, yana firaminista, ya ba shi Antoni Janar a 1946, ya sake ba shi a 1951, a 1953 kuma aka kai shi Kotun Ƙoli. A 1961 ya zama Alƙalin Alƙalai. In zancen ubangida ake yi, babu wanda ya fi shi cin gishirin gidan.

To dubi abin da ya yi da kujerar. A tsakiyar shekarun 1960, jam'iyyarsa na kan mulki, kotu ta saki wani mutum mai suna Quinn da Birtaniya ke nema. 'Yan sanda suka sake cafke shi, aka jefa shi a mota aka tsallake iyaka da shi zuwa Arewacin Ailan da ke ƙarƙashin Birtaniya kafin lauyoyinsa su koma gaban alƙali. Kotun Ó Dálaigh ta ce wannan raina kotu ne, ta kuma soke sashen tsohuwar dokar 1851 da suka fake da shi. Daga baya wata mata, Kathleen Byrne, ta ji rauni a inda ma'aikatan gidan waya suka haƙa rami suka cike a hanya, sai ta kai gwamnati ƙara. Lauyoyin gwamnati suka ce ba a ƙarar ƙasa. Kotun ta ce ana yi, wannan rigar kariya ta sarakunan Ingila ce, ba ta tsallako cikin tsarin mulkin Ailan ba.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Kusan kullum sai wani ya zauna a ofishina, ya rage murya, ya ce "Barista, ai alƙalin nasu ne." Daga nan sai 'yan harabar kotu su karɓe shi. Ka san su: jaka a hammata, fayil ɗin da ba komai a ciki, suna gaisawa da masinja da ƙarfi don ka gani. Mutum ya karɓi kuɗinka ya zauna a gindin bishiya yana jira. In ka ci shari'a ya ce aikinsa ne, in ka faɗi ya ce ɗaya ɓangaren ya fi ka nauyin hannu. Ta ko'ina shi riba ya ci, alhali alƙalin bai ma san da shi ba. Mafi muni, wanda ya biya sai ya saki jiki, ya daina neman takardar mallaka, ya bar wa'adin shigar da martani ya wuce. Ni ban ce babu baragurbi a kan kujera ba. Amma in kuna da hujjar cewa alƙalin ya taɓa riƙe wannan fayil ɗin lokacin yana lauyan gwamnati, lauyan Baba ya nemi ya janye, a buɗaɗɗiyar kotu, a rubuce.

Ó Dálaigh ya tafi kotun Turai a Luxembourg a 1973, ya dawo ya zama shugaban ƙasa a 1974. A 1976, bayan kisan jakadan Birtaniya a Dublin, aka kawo masa dokar tsare mutum kwana 7 ba tuhuma. Ya tura ta Kotun Ƙoli, kotu ta ce ta halatta, ya sa hannu. Duk da haka ministan tsaro Paddy Donegan ya kira shi abin kunya a gaban sojoji, firaminista Liam Cosgrave ya ƙi sallamar ministan. Ranar 22 ga Oktoba Ó Dálaigh ya ajiye muƙamin shugaban ƙasa. Ya rasu a 1978.

Ka turo mini ranar zaman gaba da matakin da shari'ar ta kai.