Wai adireshin intanet ya ƙare: shin sai na sauya kamarorina saboda IPv6?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da injin casar shinkafa a Argungu, ni kuma a Birnin Kebbi nake zaune. Na sa kamarori huɗu don in riƙa duba sito ta waya. In ina cikin harabar suna nunawa sarai, da na fita kuwa shi ke nan. Yaron da ya haɗa ya ce wai adireshin intanet ne ya ƙare a duniya, an koma wani sabo mai suna IPv6, don haka sai na sake kayan gaba ɗaya. Gaskiya ne, ko kuɗina yake hari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba a rabin maganarsa na farko. A rabi na biyu ne ya yi gaggawa. Kada ka cire ko kamara ɗaya tukuna.

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da lamba, yadda waya ba ta kira sai da layi. Tsarin lambobin da aka daɗe ana amfani da shi, IPv4, an rubuta ƙa'idarsa a 1981, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Janairun 1983. Lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kamar 192.168.1.1, kuma iyakar adireshin da zai iya bayarwa biliyan 4.3 ne. A wancan zamanin, da intanet galibi sai jami'o'i da ofisoshin gwamnatin Amurka, wannan adadi kamar ba zai taɓa ƙarewa ba. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, kuma mutum ɗaya yana riƙe da waya biyu, ga kwamfuta, ga na'urar POS a shago.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai riƙe da babban rumbun adireshi, ta raba ragowar abin da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar. Ta Asiya ta fara kai ƙarshen kasonta a shekarar, ta Arewacin Amurka ta ƙare a 2015. Tamu ta Afirka, AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus, ita ce ta ƙarshe da ta shiga rabon awo, daga 2017.

Za ka ce, ai da 0803 ta cika sai aka fito da 0806 da 0703, me ya hana a yi haka? Can tsawon lambar bai sauya ba, gurbin da ba a taɓa ba aka buɗe. A nan gurbin ne duka ya cike, kuma duk na'urar da ke duniya an gina ta a kan wannan tsawo. Dole aka tsara sabo, wato IPv6, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1995. Adireshinsa ya ninka tsohon tsawo sau huɗu, ana rubuta shi da lambobi da haruffa, kamar 2001:db8::1. Yawansa 340 ne da sifili 36 a bayansa. Kason da ake ba shago ɗaya kaɗai ya ninka IPv4 ɗin duniya baki ɗaya sau biliyan 4. In kana tambayar me ya sa aka tsallake daga IPv4 zuwa IPv6, lamba ta 5 wani gwaji ne na daban ya riga ya ɗauke ta.

To yaya intanet bai tsaya ba? Dabara aka yi, ana ce mata NAT, kuma a nan matsalarka take, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Ka tuna zamanin wasiƙa, lokacin da makaranta guda ke da akwatin gidan waya ɗaya. Ɗalibi ya aika wasiƙa, amsa ta zo akwatin, masinja ya san wanda ya aika, ya kai masa. Rautar da ke ofishinka, wato akwatin nan mai raba intanet, aikin masinjan take yi: adireshi ɗaya a waje, na'urori da yawa a ciki. Da adireshi ya ƙara tsada, sai kamfanonin sadarwa suka ƙara wani masinjan a samanta. Yanzu kai da ɗaruruwan masu layi, wasu a Jega, wasu a Yauri, za ku iya fita duniya da adireshi ɗaya. In kai ne ka fara magana, kamar buɗe WhatsApp ko YouTube, amsa za ta same ka. Amma in wani daga waje ne ya zo yana sallama, yana neman kamarar sito, masinjan kamfani bai san ƙofar wa zai nuna masa ba, sai ya sallame shi. Wayarka, da zarar ka kama hanyar Birnin Kebbi, ta zama baƙon da ke sallama.

Kwanakin baya an kira ni wani shagon buga takardu a kan irin wannan. Mai shagon ya riga ya sayi sabuwar rauta, kwalinta ma na kan tebur. Na buɗe shafin saitinta, na nuna masa layin da adireshin waje yake: ya fara da 100.72. Duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 an keɓe shi ne don wannan masinja na kamfani. Tsohuwar rautarsa lafiyarta lau, kuɗin ya tafi a banza. Ka sa yaron ya duba maka wannan layin. In ka ga irin wannan lamba, ko wadda ta fara da 10, ba laifin kamarorinka ba ne.

IPv6 yana kawar da buƙatar masinjan, domin kowace na'ura tana samun adireshinta na kanta. Sai dai tsarin biyu ba sa jin yaren juna. Na'urar da IPv4 kaɗai ta sani ba za ta yi magana kai tsaye da mai IPv6 kaɗai ba. Shi ya sa ba a sa ranar rufe tsohon ba. Mu da muka ga abin da wa'adin canjin kuɗi ya jawo a farkon 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yadda tsofaffi da sababbin takardun naira ke yawo tare a kasuwa, haka yawancin na'urori ke riƙe da adireshi biyu, su ɗauki sabon in hanya ta buɗe, su koma tsohon in ba ta buɗe ba. Wasu kamfanonin waya kuma sun koma IPv6 zalla a cikin gida, suka ajiye tafinta a bakin ƙofa mai suna NAT64 don shafukan da ba su sauya ba.

Manyan shafuka irin su Google da Facebook sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yunin 2012. Ƙididdigar Google ta nuna sama da kashi 40 cikin 100 na masu shiga shafukansa da IPv6 suke zuwa, kuma Indiya ta yi nisa tun da kamfanin Jio ya fara aiki a 2016 a kan sabon tsarin. Mu a Nijeriya muna baya sosai. A ganina dalilin a fili yake: adireshin Afirka ya jima bai ƙare ba, NAT yana rufa asiri, kuma ba wanda ke zuwa ofishin kamfani yana ƙorafin rashin IPv6, data mai sauƙi kowa ke nema.

Game da injinka, abu uku ne sai sun haɗu kafin sabon tsarin ya yi maka amfani: kamfanin da ke ba ka intanet a Argungu ya ba ka IPv6, rautar da akwatin da ke naɗar hoton kamarorin su iya shi, sannan layin wayar da kake kallo da shi shi ma ya kasance yana da shi. Na ukun ne mutane ke mantawa. Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a 2023, yana bayar da IPv6, amma in layin aljihunka ba shi da shi, ba ka tsira ba. Gwajin ba wuya: duba bayanan haɗi a saitin wayar. Adireshin da ya fara da fe80 na cikin gida ne, ba ya fita ko'ina. Wanda ya fara da 2, kamar 2c0f da ake gani a kason Afirka, shi ne na gaske.

Hanya mafi kusa a yau ita ce manhajar kamfanin kamarar. Yawancin akwatunan naɗa suna da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya. Akwatin ne ke fara kiran uwar garken kamfanin, wayarka ma ta kira can, a haɗa ku, masinja bai hana kowa ba. Mai yiwuwa yaron bai kunna wannan ba. In ba ka son hotonka ya bi ta hannun wasu, ka tambayi kamfanin intanet ɗinka farashin adireshin IPv4 naka na kanka, wasu suna bayarwa da kuɗin wata.

Duk rautar da za ka saya nan gaba, ka tabbata an rubuta IPv6 a jikin kwalin. Ranar da aka kunna maka shi kuma, ka sa a duba katangar tsaron rautar tana rufe, a buɗe wa akwatin naɗa ƙofa ɗaya tak. Masinjan nan, duk da takurarsa, yana kore ɓarayin intanet ba da niyya ba, kuma in ya tafi sai katangar ta karɓi aikin. Kalmar sirrin da kamarorin suka zo da ita daga masana'anta kuwa, wannan ka sa a sauya ta yau, kafin yaron ya bar harabar.